Mu'awiya Mai Gyaran Hausa

Mu'awiya Mailafiya bai taɓa yin kwana uku a jere a Kano ba, amma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya ji cewa daga can kakansa ya zo. Kakan ya iso Lafia da dilar atamfa a kai, uban ya kafa rumfa a kasuwa, shi kuma ya gaji abu biyu: shago a bakin titin da ya nufi Shabu, da tabbacin cewa duk garin nan shi kaɗai ya iya Hausa.

Shagon ya mayar da shi wurin fotokwafi da buga takardu. Tabbacin kuwa ya mayar da shi sana'a ta biyu, wadda ba wanda ya ɗauke shi aikinta. Wata mata 'yar ƙabilar Eggon ta taɓa shigowa ta ce masa, "Yarinya na ya kawo takarda jiya." Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ta kawo." Matar ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ya kawo, ta kawo, takarda dai ya iso ko bai iso ba?" Mutanen shagon suka yi dariya. Shi a zatonsa ita suke yi wa.

Yana da shekara arba'in da ɗaya, kuma abin da ya fi so a duniya shi ne a kira shi Ciyaman. Ya nemi shugabancin ƙungiyar masu shagunan layinsu, wani mai gyaran firji ya kayar da shi. Ya nemi na tsofaffin ɗaliban makarantarsu, aka ba shi kula da kujerun taro. Bai yafe ko ɗaya ba.

Ɗaliban wata babbar makaranta da ke Shabu ne suka shigo masa da wani wasa, wata rana da aka ɗauke wuta suna jiran a buga musu takardu. Wasan labari ne na kan tebur. Mutum ɗaya ke jan labarin, sauran kowa ya zama wani a ciki, wannan maharbi, wannan ɗan kasuwa, su faɗi abin da za su yi, a jefa ɗan ludo a ga ko sun dace. Mu'awiya ya tsaya yana kallo, amma ba labarin ne ya kama shi ba. Kujerar mai jan labarin ya gani. Mutum ɗaya yana magana, biyar sun yi shiru, kuma shi ke cewa wane ya tsira, wane ya faɗa rijiya.

Cikin wata shida ya rubuta nasa, ya sa masa suna Ayarin Kudu. Labarin fatake ne da suka taso daga Kano, madugunsu kuwa kowa ya gane kakan wa ake nufi. Shafi ɗari biyu. Sai an saurari tarihin zuriyar madugu na minti arba'in kafin a taɓa ɗan ludo. Ba wanda ya taɓa dawowa zama na biyu.

A daidai lokacin akwai wasan da garin ke yi da gaske. Terhemba ne ya rubuta shi, wani Bativi mai noman doya a Kwandere, a cikin littafin rubutu na 'yan firamare, da kati goma sha biyu da ya yanka daga kwalin sukari. Sunansa Wa Ya Sace Irin Doya. 'Yan wasa su ne mutanen ƙauye, suna bin shaidu da tambaya. Mutum biyar ake zargi, maza huɗu da wata tsohuwa mai ɓare agushi. Sunan ɓarawon yana cikin ambulan a manne a bangon bayan littafin, kuma duk wanda ya taɓa yin wasan ba ya faɗa wa sabon shiga. 'Yan okada, masu haya da babur, suna yinsa a gindin mangwaro har fasinja ya gaji da kira ya tafi. Akan yi awa biyu ana musu kafin a buɗe ambulan.

Mu'awiya ya yi shi sau ɗaya. Ya kama limamin ƙauyen, ashe ba shi ba ne, kuma a gaban ɗalibai. Abin da ya ce kawai shi ne, "Hausar ciki ce ta ɓatar da ni."

Bayan sati uku ya sanar da kafa Kambun Ƙasa na Marubutan Wasan Tebur. Ya buɗe zaure a WhatsApp, ya buga takarda mai tambari da hoton gaggafa, a ƙasa ya rubuta Ciyaman Kuma Wanda Ya Assasa. Abin da bai zata ba shi ne za a ɗauke shi da gaske. Ashe akwai mutane a Jos da Legas da Zariya da suka daɗe suna rubuta irin waɗannan wasanni ba mai kula su. Wasa tara suka shigo. Wata malama daga Zariya, Dijatu, wadda ta shekara goma tana harkar, ta yarda ta shugabanci alƙalai uku, ta kawo sharuɗɗa biyu. Wanda ya kafa gasa ba zai shiga ba. Sannan alƙalai ne za su ja kowane wasa da kansu daga bugaggen kwafi, mai shi yana zaune a gefe, don a ga ko rubutun zai tsaya da ƙafarsa.

Mu'awiya ya yaba wa sharaɗin farko a zaure da dogon jawabi kan amana. Da la'asar ɗin ranar ya tafi gidan ƙanwarsa Sakinatu, malamar firamare, wadda ita ta taɓa buga masa shafi ɗari biyun a kwamfuta.

"Sunanki kawai zan sa a kan Ayarin Kudu," in ji shi. "Ba abin da za ki yi."

"Yaya, wannan abin da ya sa ni ciwon baya?"

"Adabi ne, ba ki gane ba."

"To in sunana ne a kai, sai na taɓa shi. Ba zan ji kunya a gaban mutane ba."

"Taɓa mana. Waƙafi da aya ne, ki duba."

Bai ƙara buɗe shi ba, yana can wajen tela ana gwada masa babbar riga. Bai kuma tambayi kansa abin da zai faru in wasan ya ci ba. A ransa kofin gasar zai zauna a kan kantar shago, kuma kowa ya san mai shagon.

Saura kwana biyar a yi gasar Terhemba ya zo a kan babur, da ƙasar gona a takalminsa, littafin da katunan a cikin leda.

"Ciyaman, sun ce sai an buga. Ka taimaka ka buga mini shi yadda yake."

Kalmar Ciyaman ta shiga Mu'awiya har ƙashi. Ya karɓi littafin da hannu biyu. "Haba Malam Terhemba, ai aikinmu ne. Kada ma ka wahalar da kanka, ni zan miƙa wa alƙalai. Ka koma gonarka."

Da ya tafi, Mu'awiya ya ɗauko jan biro. Katin shaida na farko ya ce: "Na gan shi da asuba, ya fito daga rumbu, ya ɗauka doya a kai." Haka sauran. A Hausar Terhemba, da ta rabin kasuwar Lafia, "shi" da "ya" na kowa ne, namiji da mace da akuya. A nan wasan yake zaune. Ɗan gari ya san "ya" ba ta fitar da tsohuwa daga zargi, amma yakan manta. Mai taƙama da Hausa kuwa ba ya ko kallon ta.

Daga baya Mu'awiya ya sha cewa gyaran nahawu kawai ya yi, don kada a raina Lafia a gaban baƙi. Wataƙila ma ya yarda da hakan. Sai dai mai gyaran nahawu zalla ba shi da abin gyarawa a katin nan in ban da "ɗauka" ta koma "ɗauki". Kafin mutum ya mayar da "ya" ta zama "ta", sai ya san wanda ya shiga rumbun. Shi kuma ranar da ya yi wasan, haushin limami ya sa ya fice kafin a faɗi amsa. Ya sa reza ya buɗe ambulan a hankali, ya karanta, ya mayar ya manne. Sannan ya bi kati goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a ɗakin taron wani otal, fankoki suna juya iska mai zafi. Mu'awiya ya yi jawabin buɗe taro na minti talatin da biyar, ya ambaci kakansa sau huɗu. 'Yan okada kusan ashirin sun cika kujerun baya saboda Terhemba.

Wasan Terhemba ne na uku. Malama Dijatu ta shimfiɗa katunan mutum biyar ɗin, ta ɗauki shaida ta farko ta karanta da ƙarfi: "Na gan ta da asuba, ta fito daga rumbu, ta ɗauki doya a kai."

Alƙalin da ya zo daga Jos ya leƙa katunan. "Mace nawa ce a nan?"

"Ɗaya."

"To ai shi ke nan. Tsohuwa ce."

Minti bakwai, har da zaman kujera. Baƙi suka yi dariya irin ta tausayi. 'Yan okada ba su yi ba. Wani daga baya ya ce, "Wannan ba wasan mu ba ne fa!" Terhemba ya juya ya ɗaga masa hannu, mutumin ya koma ya zauna.

Da aka fita shan ruwa ya sami Mu'awiya a baranda yana gyara hula a gilashin taga.

"Ciyaman, tambaya ɗaya."

"Ina jin ka, Malam Terhemba. Ka yi haƙuri, alƙalai ne, ba ni da hannu."

"Ni ban rubuta 'ta' ko ɗaya a kati ba. Ina ka san ɓarawon mace ne?"

"Mace ce," in ji Mu'awiya. Bakinsa ya riga shi.

Terhemba ya dube shi. Sai ya yi dariya, ba mai yawa ba. "Ka gani? Ko yanzu ba ka iya bari. Ba ni littafi na."

"Za ka kai ƙara ne?"

"Ƙara na mene? Kofi? Ina da doya a gona yana jira na. Littafi na kawai."

Ya karɓa, ya hau babur, 'yan okada suka bi bayansa, ɗakin ya rage rabi. Mu'awiya ya koma ciki da sauƙi a ƙirjinsa. Abin da ya ji ke nan, sauƙi, ba kunya ba.

Da aka zo kan Ayarin Kudu sai ya ga Malama Dijatu ta ɗauko wani siririn littafi, bai fi shafi talatin ba. Babu tarihin zuriya. Madugun ma ya mutu a shafi na biyu, zazzaɓi ya kashe shi a bakin kogi, 'yan wasa ne za su san yadda za su kai ayarin Lafia ba shugaba. Alƙalai suka yi awa ɗaya da rabi suna gardama da dariya, har na Jos ya miƙe tsaye da ɗan ludo ya ba shi ɗaya. Mu'awiya yana zaune a babbar kujera, yana kallon yadda mutane ke jin daɗin mutuwar kakansa.

Ayarin Kudu ne ya ci. Ciyaman ne ya buga sunayen masu gasa tun a shago, shi ke manna na wanda ya ci a jikin kofi, don haka shi ya manna ya miƙa. Malama Dijatu ta tambayi Sakinatu yadda ta rubuta shi.

"Wani tsohon rubutu na tarar a gidanmu," in ji ta, "shafi ɗari biyu, ba mai iya kai ƙarshensa. Na zubar da yawancinsa, na gina nawa a kan abin da ya rage."

Aka yi tafi. Mu'awiya ma ya tafa, don ana ɗaukar hoto.

A bakin ƙofa ya tare ta ta riga ta shiga keke napep, kofin a cinyarta.

"Sakina, kawo a ajiye a shago."

"Sunan wa ke jiki, Yaya?"

"Kin san dai wa ya..."

"To koma ciki ka faɗa musu. Malama Dijatu ba ta tafi ba. Sai dai ka cire rigar Ciyaman tukuna, ita ta ce mai gasa ba ya shiga, kai kuma ka yi jawabi a kai." Ta juya kofin ta nuna masa rubutun. "Kai ka buga shi da kanka. Ba kuskure ko ɗaya."

Bai koma ciki ba. Ya auna kofi da kujera, ya zaɓi kujera, kuma har yau yana kanta. Kofin yana ofishin makarantar su Sakinatu, an gayyace ta Jos sau biyu ta koyar da rubutun wasa. In baƙo ya tambaye shi ko shi ma yana rubutawa, sai ya ce ayyukan shugabanci ba sa barin sa.

Wasan Terhemba kuwa ya kai har Makurɗi. Da yake shagon Mu'awiya ne mafi kusa da Shabu, nan ɗalibai ke kawo shi fotokwafi, kusan kowane mako, daga ainihin littafin 'yan firamaren. Shi ke ɗora shi a kan inji da hannunsa. A bangon gaba Terhemba ya ƙara layi ɗaya da manyan baƙaƙe: KADA KOWA YA GYARA WANNAN HAUSA. YANA DAIDAI.

Duk lokacin da shafin ya fito da ɗuminsa, leɓen Mu'awiya yakan motsa. "Tana," yake cewa, a hankali, yadda ba wanda zai ji. Sannan ya miƙa wa mai shi.