Kumfar Sobiyar Umma

Da la'asar ɗin ranar farko ta azumin 1978, ina tsugune a tsakar gidanmu na unguwar Ruwais, can ƙasar Hijaz, riƙe da bakin matata, Umma ta tsiyaya sobiya a kofi, muka zuba ido. Kumfa ta taso kamar abin kirki, ta ɗan dube mu, ta kwanta. Umma ta sake tsiyayawa daga sama, kumfar ta sake kwantawa. Sobiya dai abin sha ne na mutanen Hijaz: sha'ir da busasshen burodi ake jiƙawa a tulu da kirfa, a bar su su ɗan tashi, a tace, a sa sukari da ƙanƙara. A unguwarmu, ta Umma ce ta fita zakka, don kumfarta kan yi zaune a bakin kwano kamar rawanin alƙali, har a kai ta gida na bakwai ba ta sauka ba.

Mu yara mu ne 'yan aike. Kafin a buga igwar shan ruwa mukan watsu cikin lungu da kwanuka, mu kai sobiya mu dawo da sambusa ko ƙosai, muna tsallake yaran da ke buga ƙwallon tsumma da jakin mai kawo ruwa. A wannan shekarar kwanukanmu suka riƙa fita tsirara, ba kumfa. Sai Khala Zainabu, maƙwabciyarmu da iyayenta suka zo daga Sudan, ta leƙo ta katanga ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, ƙara mata kwana a tulu, wallahi za ta yi kumfa har rufi." Abba, wanda tela ne amma yana ji da fiƙihunsa fiye da allurarsa, ya amsa daga ɗaki: "Kwanan nan da za a ƙara, shi ne tsakanin sobiya da bulala. Halas, magana ta ƙare." Gaskiyarsa, in ta wuce lokaci ta zama abin da ba a faɗa a watan azumi. Hanyar sauƙi ta toshe ke nan.

Umma ta gwada duk abin da hankali ya yarda da shi. Ta ƙara 'yar alkama cikin sha'irin, ta sa na dirje kofuna da toka har hannuna ya yi fari, ta raba ludayin sobiya da na suya, ta sheƙa daga ƙwarya zuwa ƙwarya kamar mai fifita kunu. Kumfa ta ƙi. Wata rana hasken rana ya faɗo kan kwano, ta hango wasu 'yan idanun mai suna yawo a sama. Ta ɗauki matatar ta shinshina, sai ta zauna daɓas.

Tsohuwar matatarmu ta yage kafin azumi, shi ne Kaka, mahaifiyar Abba, wadda ta zo Makka a ƙasa tana budurwa, ta kwance farin ɗankwalinta ta bayar a riƙa tacewa da shi, don albarka. Kaka kuwa ba ta taɓa kitso ba tare da man shanu ba, kuma man shekaru ba ya jin sabulu. Maiƙo da kumfa ba sa zama gida ɗaya. Wannan na karanta a littafi daga baya, Umma ta karanta shi da hanci. To, amma wace suruka ce za ta dubi uwar mijinta ta ce albarkarki ce ta kashe mini sobiya?

Ba ta ce ba. Ta roƙi Abba ƙyallen sabon farin yadi daga shago, ta wanke, ta tace da shi a bayan kicin. Ɗankwalin Kaka kuwa ta ɗaura shi a wuyan tulu daga waje, inda kowa zai gani. Ranar nan kumfa ta yi tsaye har ƙofar Khala Zainabu. Da aka sha ruwa Kaka ta kurɓa, farin gashin baki na kumfa ya fito mata, ta ce, "Ban faɗa muku ba? Albarka ba ta gaggawa." Umma ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Hajiya."

Yanzu a leda ake sayar da sobiya bakin titi, fara da ja, ba mai tambayar kumfarta, ba kuma yaron da ke kai ta gidan kowa. Nakan saya, in juye a kofi, in tsaya ina jira. Har yau ban tabbata Kaka ba ta sani ba.