Limancin da Ya Tsallake Malam Mutaru

Malam Mutaru bai taɓa riƙe wuƙar fawa ba. Ubansa ne mahauci, kakansa ma haka, tun zuwansu Kumasi daga Nijar. Shi kuwa tun yana ƙarami uban ya kai shi makaranta, ya ce ko ƙofar mayanka kada ya leƙa. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi littattafai, sannan ya koyi kafinta a unguwar Anloga don ya riƙe kansa.

Shekara goma sha tara yana na'ibi a wani ƙaramin masallaci a unguwar Ayigya Zango. Da ƙafafun tsohon limami suka gaza, shi ke jan salla, shi ke raɗin suna, shi ke tsayawa kan gawa. Saboda haka da limamin ya rasu, Mutaru bai ce wa kowa komai ba, amma ya sa rai.

Bayan addu'ar arba'in dattawa suka zauna, ba su kira shi ba. Washegari da hantsi Alhaji Brimah, shugaban kwamitin masallacin, ya same shi a shago yana goge katako.

"Malam, mun yi shawara. Abdul-Hakim, ɗan ƙanen marigayi, shi zai hau."

"Abdul-Hakim ɗalibina?"

Alhaji ya dubi ƙasa. "Ba maganar karatu ba ce, kowa ya san ka fi shi. Amma ka san mutanenmu. Riƙon ƙwarya daban, limanci daban. Wasu sun ce ba za su yarda a ce ɗan mahauta ne limaminsu ba."

"To Alhaji, sallolin da kuka yi a bayana duk shekarun nan, rama su za ku yi?"

Alhaji ya ce a gaida gida, ya tsallaka titi ya tare motar haya, trotro.

Mutaru ya daɗe a tsaye. Ya saba a cikin gari a kira su baƙi, su duka 'yan Zango, ko da a nan aka binne cibiyarsu. Wannan ya iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne, mutanen da ake wa wannan gorin tare da shi, su ma ashe suna da wanda suke ajiyewa a ƙasa.

Bai bar masallacin ba. Ya koma sahu na biyu, kusa da taga, yana sallamewa ya ɗauki takalmansa. Darasin da yake bayarwa bayan la'asar ya daina, babu kuma wanda ya zo ya tambaye shi dalili.

A bana wasu mutanen unguwar Oforikrom suka zo neman auren 'yarsa Farhana, ma'aikaciyar jinya. Suka yaba tarbiyya, suka ce za su ɗan tambayi asali su dawo. Wata uku ke nan ba su dawo ba. Da matarsa Rafia ta ce ko a aika a ji, sai ya girgiza kai.

"Bar su, Rafia. Sun tambaya, an kuma gaya musu."