Ranar da Alhaji Idi ya girgiza shaida

Ku sababbin shiga da kuke tambaya me ya sa aka hana sa haɗin ruwa da asetonitiril a konjelatar, wato firizar da ke daskarar da kaya, to ku gyara zama. Har gobe ba zan manta da ranar da kwalba ɗaya ta kusa raba wani bawan Allah da kasuwarsa ba.

Lokacin ina teknisiyan a ɗakin gwajin magungunanmu na unguwar Filato a Yamai. Aikinmu shi ne a kawo ƙwayar magani, mu duba ko abin da aka rubuta a kwali yana ciki. Na'urar da ke wannan aiki ba ta tafiya sai da ruwa mai tsabta da aka haɗa da asetonitiril, wani sinadari fari tas kamar ruwa, mai tsada, mai guba kuma. Idan ka haɗa su rabi da rabi sai su zama abu ɗaya, kwalbar ta yi sanyi a hannunka. Mai kawo mana shi Alhaji Idi ne, mutumin Tawa, mai shago a Bukoki.

A watan Afrilu ne, zafin Yamai ya kai inda ko ƙadangare ba ya fita. Firigonmu, wato firijin ajiyar kaya, ya mutu. Shugabarmu, Madam Hamsatu, dokta ce a kimiyyar sinadarai, mai kirki amma mai saurin hawa. Ta ce duk abin da ke da daraja a kwashe a kai konjelatar kafin zafi ya lalata shi. Mu kuwa 'yan Yamai, a Afrilu ko takalmi aka ce mu sa a sanyi ba za mu yi musu ba. Muka kwashe, har da haɗin da na yi daga sabuwar kwalbar Alhaji.

Da safe na ciro haɗin na duba. Ya rabu gida biyu: na sama garai-garai, na ƙasa ya daskare. Madam ta gani ta ce, "Shi ke nan, jabu ya kawo mana! Kada kowa ya taɓa, shaida ce." Aka ajiye kwalbar a teburinta, ta kira Alhaji ta ce ya zo ya ji an soke kwangilarsa. Ni dai ban ji daɗi ba, don mutumin bai taɓa cutarmu ba, kuma in labari ya fita ba labo, wato ɗakin gwaji, ko ɗaya a garin nan da zai sake sayen ko safar hannu a wurinsa.

Kafin ya iso, wuta ta ɗauke, kilim mai sanyaya ɗakin ta tsaya. Ƙanƙarar ta narke, amma layin da ya raba su yana nan don ba wanda ya motsa ta. Alhaji ya shigo gumi sharkaf, ya yi gaisuwa da Zabarmanci.

"Madam, fofo. Lafiya aka kira ni haka?"

"Ina lafiya, Alhaji? Dubi kayanka."

Kafin a hana shi ya cafki kwalbar. Alhaji ba ya iya magana hannunsa a tsaye. "Wallahi tallahi, Madam, yadda ta zo haka na kawo ta! Ni da na aurar da 'ya'ya zan zauna ina zuba ruwa a kaya?" Kowace rantsuwa sai ya kaɗa ta sama da ƙasa, ni kuwa ina bin hannunsa da addu'ar kada murfi ya buɗe.

Ya dangwarar da ita. "To ina aibin? Nuna mini!"

Muka duba. Ruwa ɗaya ne, tas, ba layi ba alamarsa.

Madam ta taɓa kwalbar ta ji ta yi ɗumi, sai ta dafe goshi ta fashe da dariya. Ta ce abin da ta karanta tun tana jami'a ne ya dawo mata. Ƙwayoyin ruwa suna riƙe da hannun juna ƙam. Ƙwayar asetonitiril kuwa kanta yana son ruwa, wutsiyarta ba ta so. Ko sun haɗu a ido, a ciki kowa yana raɓar danginsa, kamar taron biki da 'yan Damagaram ke neman tabarmar 'yan Damagaram. Ɗumi ne ke sa su cakuɗa. In sanyi ya yi tsanani, sai kowa ya koma gidansu.

Alhaji ya ce, "Ni ban gane wutsiya ba. Kayana lafiya ko ba lafiya?"

Madam ba ta yarda da baki kawai ba. Ta sa na yi sabon haɗi daga tsohuwar kwalbar da muka amince da ita, da wuta ta dawo muka sa a konjelatar. Washegari shi ma ya rabu biyu. Da kanta ta shiga mota ta je Bukoki ta ba Alhaji haƙuri a gaban yaran shagonsa.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tuhumi mai kawo kaya, tambayi kanka inda ka kwanar da kayan. Alhaji kuwa har yau in ya kawo oda sai ya leƙo ya ce, "Madam, a girgiza muku kafin in tafi, ko za ku kira ni?"