Ranar da Na Roƙi Kakata Layar Zana

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan manta da ranar da na roƙi kakata layar zana ba.

Lokacin ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare, kullum a keke nake zuwa makaranta daga Tafoki. Akwai wani ƙato ɗan aji uku da ke tare ni a gindin wata tsamiya, ya ɗare bayan keken kamar buhun masara, ni kuwa ɗan tsurut in yi ta haki da shi har bakin makaranta. In na rage gudu, in sha ranƙwashi. Ya kuma rantse in na gaya wa wani sai ya karya ni. Wata biyu ina wannan bauta. Na tsani makaranta, na ƙirƙiro ciwon ciki duk safiya, irin wanda ke warkewa da hantsi ya dubi ludayi.

Har na ƙudura barin karatu, sai dabara ta faɗo mini. Na sami kakata tana ɓarar gyaɗa, na ce ta nemo mini layar nan da aka ce mai ita ɓacewa yake yi.

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Maigida, gudu na za ka yi? To in ka ɓace, keken hwa? Haka za a gan shi yana tahiya shi kaɗai?"

Na so in yi dariya, sai kuka ya ƙwace mini. Ba ta gama ɓare gyaɗar ba sai da ta ji komai.

Washegari ta sa kawuna ya kai mu wajen shugaban makaranta a babur. Shugaban ya saurare ni, ya aika aka kira mahaifin ƙaton, aka ja wa ƙaton kunne a gaban uban. Daga ranar ko inuwata bai sake takawa ba. Da aka tara ɗalibai, shugaban ya ce duk wanda ake cuta ya same shi a ofis. Kafin a tashi yara biyar sun je, har da wani da nake yi wa kallon jarumi. Ashe kowa na zaton shi kaɗai ne.

Na koyi cewa mai cin zali da shirunka yake ƙiba. Yaro, in ana cutar ka, gaya wa babba. In bai saurare ka ba, nemi wani babban.