Kwandon da Baba ya kai babu komai a ciki

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne mahaifina, Baba Bitrus, mai lambu a bakin tafkin Madarumfa. Ban taɓa jin kewarsa kamar bana ba.

A 'yar majami'armu, ranar godiyar kaka kowa kan kawo abin da gona ta ba shi: damin gero, ƙwaryar wake, kwanon gyaɗa. Wata shekara, ina amarya lokacin, tafkin ya cika ya batse, ya cinye lambun Baba da gonarsa kakaf. Muka ɗauka zai zauna gida. Ina! Sai ga shi cikin layi da kwando wayam, ya ajiye shi a gaba, tsakanin dammunan mutane. Kunya ta kama ni kamar in nutse. A hanyar gida na ce, "Haba Baba, ka sa ana ta kallonmu."

Ya ce, "Ɗiyata, bana Ubangiji ba gonata ya nome ba, ni ya nome. Ni ne na rage, shi ya sa na kawo kaina."

Haushi na ji, ban gane ba. Baba da ma mai zafin rai ne; akuya ta shiga lambunsa, sai unguwa duka ta ji. Amma daga shekarar nan ya yi sanyi. Maƙwabcinsa Malam Isa masunci, da suka daɗe ba sa ga maciji, wurinsa Baba ya je neman irin albasa, ya ba shi haƙuri. Ranar da Baba ya cika, Malam Isa ne ya fara ɗaukar magirbi zuwa haƙa kabari.

Bana mijina ya rasu tsakiyar damina, ciyawa ta cinye gonarmu ta ƙauyen Safo. Na daina zuwa sujada, addu'a ta ƙi fita bakina. Na yi fushi da Allah, ba zan ɓoye ba. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce in ya gan ni haka. Ba na jin zai yi mini wa'azi. Zai tambaye ni ina kwandona ne kawai.

Lahadin da ta wuce aka yi godiyar kaka. Na tsaya bakin ƙofa har aka kusa gama waƙa. Fushin bai gama sauka ba, amma na shiga layi, na ajiye kwandona wayam a inda Baba ya ajiye nasa.

Baba bai bar mana fili mai yawa ba, tafki ya ci rabi. Ya dai nuna mana cewa ana zuwa gaban Ubangiji ko da hannu babu komai.