Kunnen da Baba Hankaka Ya Bari a Titin Jirgi

"Mama, wancan tsohon mahaukaci ne?"

Da ƙarfi ’yata ta faɗa, irin faɗar yara da ba su san rage murya ba. Muna tsaye muna jiran mota a bakin wayar da ta raba unguwarmu da filin jirgi. Can cikin ciyawa wani dattijo ne da baƙaƙen kayan aiki, da farin ƙyalle mai sheƙi a ƙirji, yana ɗaga hannuwa sama yana kwarara ihu, ga shi babu kowa a gabansa. Na yi maza na rufe mata baki. Ashe wahalar banza na yi. Ko a gefensa take tsaye, da wuya ya ji ta.

Baba Hankaka ke nan. Yaran unguwa ne suka laƙaba masa sunan saboda farin ƙirjin nan, sunan ya bi shi har cikin ofis. Aikinsa korar tsuntsaye daga titin jirgi, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye shi.

Wanda bai sani ba zai ce wannan ma aiki ne? To, tsuntsu ɗaya tak, idan ya faɗa cikin injin jirgi lokacin tashi ko sauka, ya isa ya kashe injin, da mutane cike a ciki. Shi ya sa kullum kafin jirgin farko ya motsa, Baba ya riga ya bi titin nan daga wannan kai zuwa wancan a tsohuwar akori-kurarsa, yana tafe yana tsayawa. Idan mota ta take kwaɗo a kan kwalta, sai ya ɗauke, don shirwa za ta zo ɗauka. Idan ruwan sama ya kwanta a wani rami, sai ya cike shi da ƙasa kafin balbela ta gano. Ciyawa ma da lissafinta: in an aske ta ƙwal, ƙwari sun fito fili, tsuntsaye sun samu walima, in an bar ta ta yi duhu, ɓeraye sun samu gida, masu cin ɓera su biyo su. Yana da wata bindiga mai aiki da gas, ba harsashi, sai ƙara kamar ƙasa za ta tsage. Kullum sai ya sauya mata wuri, don a cewarsa tsuntsu ba wawa ba ne, in ya saba da ita har a kan bakinta yake sauka ya huta. Idan ya gama duk wannan, sai ya danna oba-obarsa ya ce wa mutumin hasumiyar da ke ba jirage izini, "Titi fes." Sai a ba jirgi hanya.

Lokacin da ya fara, ba tsuntsaye kaɗai yake kora ba, har da awaki, kuma a kan keke. Filin duka titi ne guda gajere, da wata rumfar kwano da fasinja ke fakewa, da sikeli irin na awon hatsi. Jirgi kan zo yau, a yi kwanaki ba a sake ganinsa ba. A gaban idonsa aka kewaye wurin da waya, aka ta da hasumiya, aka ƙara wa titin tsawo, aka jera masa fitilu. A gaban idonsa aka rushe rumfar kwano aka gina zaure mai gilasai da na’urar sanyi, da bel ɗin nan mai zagayawa da jakunkuna, da ɗakin ajiyar kaya, da tankunan mai, da tashar ’yan kwana-kwana. Yanzu daga safe zuwa yamma wani na sauka wani na tashi. Garin da a da sai an yi tafiya kafin a iso shi, ya rarrafo har ya jingina da wayar. Mu ne muka rarrafo ɗin. Duk buɗe sabon ginin da aka yi, an yanka ƙyalle an tafa, shi yana can cikin ciyawa, don ranar taro ma jirgi na sauka.

An ba shi marufin kunne tun da daɗewa, irin mai kama da ƙoƙo biyu da ake ɗorawa a ka. Yana sawa. Sai dai shi da kunne yake aikinsa. Tsuntsu kan ɓuya a cikin kwari ko bayan ciyawa, ido ba ya kai wa gare shi, amma bakinsa ba ya shiru. Don haka duk lokacin da jirgi ya juyo kan titi yana ruri, lokacin da kowa ke danne marufinsa, shi lokacin ne yake ɗage gefe ɗaya ya kasa kunne.

Direban motar kwana-kwana, wanda suka tsufa tare a filin, ya ba ni labarin wata safiya ta damina. Hazon ruwa ya rufe ko’ina, jirgi ya cika da mutane har da masu goyo, ya tsaya a bakin titi yana jiran izini. Sai aka ji muryar Baba a oba-oba.

"Ku riƙe shi."

"Me ka gani, Baba?" in ji mutumin hasumiya.

"Ban gani ba. Ji na yi."

Ba a ja da shi ba, aka riƙe jirgin. Ya taka cikin taɓo har gwiwa, ya saki bindigarsa. Direban ya ce sai ga hankaki sun tashi daga cikin kwarin ƙarshen titi, baƙi ƙirin kamar an zazzage buhun gawayi, daidai inda jirgin zai ɗaga kai. Aka jira suka wuce, jirgi ya tashi lafiya. "Ka san abin da fasinja suka yi?" in ji shi. "Tsaki. Wai an ɓata musu lokaci."

Haka kunnen dama ya tafi, a hankali, ba tare da sallama ba. Likita ya duba ya ce na hagun ma ya kama hanya, amma in aka raba shi da ƙara yanzu, abin da ya rage zai kai shi ƙarshen rayuwa. Shugabanninsa ba su yi masa rowa ba, suka ce ya koma ɗakin ajiyar kaya, inda babu abin da ya fi ƙarar baro. A lokacin babbar ’yarsa, wadda yake zaune tare da ita tun rasuwar matarsa, ta haifi ’ya mace. Mai jegon ce ta tsaya masa a wuya.

"Baba, ka ji dai abin da likita ya ce."

"Na’am?"

"Ka ji ni sarai."

"Wallahi Mamana, ta nan gefen an rufe shago. Zagayo."

"In cewa na yi an sauke abinci, ta kowane gefe kana ji." Ta zagayo, ta ɗora masa jaririyar a cinya. "Wannan za ta yi baki watarana. So nake ka ji da kunnenka, ba a ba ka labari ba."

Ya daɗe yana kallon yarinyar, ya ce ya yarda.

Bai kai ga komawa ba aka tashi masu sayar da kaji daga cikin gari, aka kawo su bayan wayar filin, ta wajen da jirage ke saukowa. Mutane ne masu neman abincinsu, ba su zo da mugun nufi ba. Amma akwai wani kwazazzabo a wurin, nan gashi da hanji da kawunan kaji suka riƙa tafiya. Mutanen unguwa da suka ga an fara, sai kowa ya miƙo tasa ledar. Kafin wata ya zagayo, sararin wurin ya cika da shirwa, suna shawagi tun hantsi har rana ta faɗi.

Baba ya je wajen shugabanninsa ya ce a ɗan jinkirta masa komawa ɗakin ajiyar. "Bari in ga bayan bolar nan tukuna." Akwai mutum biyu da aka ɗauka su gaje shi, yana koya musu, amma abu ɗaya ya hana su: ɗage marufin kunne. Duk wanda ya kama ya ɗage, ranar zai sha faɗa. "Ku yi da ido," yake ce musu. "Ni na riga na lalace."

Idan ya tashi aiki, maimakon ya nufi gida, sai ya zagaya bayan waya da ƙafa, ya shiga kasuwar kajin. Shugabar matan da ke fige kaji, wata mai faɗin murya da ba ta barin ta-kwana, ita ce ke tarbarsa.

"Jama’a, ku gyara zama, ga Baba Hankaka an zo wa’azi!"

"Sannu da aiki, uwar kaji."

"Mu dai kaji muke figewa, ba jirgi ba. Ka taɓa ganin kazata a sama?"

"Kazarki ba ta tashi. Hanjinta ne ke gayyato masu tashi."

"To a kanmu za mu ɗora shi? Ko aljihunka za ka buɗe mana?"

Sai a sa dariya. Rabin abin da suke faɗa ma ba ya ji, sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai, abin ya ƙara ba su dariya. Bai yi fushi ba, bai kuma daina zuwa ba. Ya nemi izini aka ba shi tsofaffin durom daga garejin filin, ya sa aka yi musu murafe, ya turo su ɗaya bayan ɗaya. Ya bi masu motar shara har suka gaji da ganinsa suka sa kasuwar a hanyarsu. Ranar da ba su zo ba, shi ne da baro, dattijo mai jika, yana tura hanjin kaji cikin rana, ƙudaje na rakiya. Da safe kuma yana kan titi, yana sakin bindiga fiye da yadda ya taɓa yi, don shirwa ba ta da kunya, ka kore ta ta nan ta dawo ta can. Kuma kowane jirgi ya juyo, hannunsa na kan marufin hagu, yana ɗagewa.

Damina biyu aka yi ana wannan. A ƙarshe uwar kaji da kanta ta ɗauki tsintsiya ta tsaya a bakin kwazazzabon, duk wadda ta doso da roba sai ta nuna mata durom. Na tambaye ta abin da ya sauya mata ra’ayi. "Ra’ayin me?" ta ce. "Tausayi ya ba ni. Mutum ya yi jika yana tura mana ƙazanta. Na ce a rufe, ko ma huta da ganinsa." Aka cike kwazazzabon da ƙasa. Shirwa suka yi ta zagaye kwana da kwanaki, da suka ga ba labari, suka sauya unguwa.

Ba a daɗe ba, wata safiya yana tsaye a gefen titi, hankaka ya sauka a kan fitila kusa da shi. Ya ga bakin tsuntsun na buɗewa yana rufewa. Ya ɗage marufin, ya cire shi gaba ɗaya. Shiru. Ya duba oba-obarsa, ya ga ’yar fitilarta na ƙyaftawa, alamar ana kiransa, bai san tun yaushe ba.

Da ya so, da ya ɓoye. Ya san filin nan kamar tafin hannunsa, zai iya jan wata shekarar ba wanda ya gane. Amma ranar ya shiga ofis ya ajiye oba-obar a kan tebur, ya ce kurma a kan titin jirgi shi ma abin kora ne. Tun daga nan ba ya hawa titin. Yana can gefe cikin ciyawa yana ƙarasa kwanakinsa, yana kora da hannu da murya, muryar da shi kansa ba ya jin ƙarfinta.

Jikar ta yi baki. ’Yarsa ta gaya mini, tana ninke wanki ba ta ko kallona, cewa yarinyar kan hau cinyarsa ta kama kunnen da hannu biyu, ta ƙwala masa kira. Shi kuma sai ya ɗora tafinsa a bayanta, don ya ji motsin muryar a hannunsa.

"Me ta ce, Mamana?"

"Ta ce Kaka."

"To, ce mata na amsa."

Baba, na san ba za ka ji wannan ba, sai dai a nuna maka a rubuce. Kai ne wanda dubban mutane suka wuce ta kansa suna gyangyaɗi a kujera, ba su san da kai ba. Kai ne ka ɗauki sunan tsokana ka amsa shi, ka ɗauki warin da ba kai ka jawo ba. An ba ka hanyar tsira da abin da ya rage maka, ka tsaya saboda ’ya’yan mutanen da ba ka taɓa gani ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka hutun da ƙafafun nan suka daɗe suna nema, ya raya maka jikarka. Waɗanda ka bari a titin, Allah ya ba su irin haƙurinka, ya kuma bar musu kunnuwansu.

Saura mu. Makon jiya na bi ta bayan wayar, na ga murafen durom biyu sun yi ƙafa, na kuma ga ledoji sun fara taruwa a kan ƙasar da aka cike. Na san yadda abin yake. Aiki ya sha kanki, yaro na kuka, ki miƙa wa babban ɗanki ledar shara ki ce ya je ya zubar, shi kuma ya jefa a wuri mafi kusa ya dawo wasansa. Ki ɗaure ledar. Ki bi shi ki ga inda yake kaiwa, ko sau ɗaya ne. Kai kuma maigida, in ka ga murfin durom a bayan gidanka an rufe ruwa da shi, ka mayar inda aka ɗauko.

Kada wanda ya ce ai akwai masu kula. Mai kular ya ba da kunnuwansa biyu, ba shi da na uku. Duk ranar da kuka ga shirwa na shawagi a kan sharar da ta fito daga gidanku, ku sani akwai ɗan wata uwa a cikin jirgin da ke saukowa, kuma ba a rubuta a goshin kowa cewa ba naku ba ne.