Rubutun Hannun da Na Gane

Shekarun baya, ina sabon malami a wata babbar makaranta a nan Minna, na ɗauko bincike kan yadda ake ware ma'aikaci a wurin aiki saboda yarensa ko addininsa. A lokacin gani nake ni aka aiko in gyara duniya.

Da ofisoshin gari suka yi ta ce mini in dawo gobe, sai na raba takardun tambayoyin a sashenmu. Nan na jawo wa kaina. In na shiga ɗakin malamai sai hira ta mutu. Wani ya ce, "Ku iya bakinku, ga mai rubuta mu nan." Aka yi dariya, amma daga ranar ba a ƙara kira na cin abincin rana ba. Wata uku ina cin masata ni kaɗai, in tashi in hau keke zuwa gida a unguwar Maitumbi, wuni guda ban yi magana da kowa ba sai ɗalibai.

Takardu kaɗan suka dawo, ba suna a jikinsu. Amma ɗaya ina gani na gane rubutun. Na abokin zamana ne a ofis, wani dattijo Gbagyi daga Maikunkele, wanda tsakanina da shi sai "ina kwana". Ya rubuta: "Shekara sha ɗaya ina nan. Biki ko suna, sai an gama nake ji. In na yi Hausa a yi dariya, shi ya sa na yi shiru."

Ni ma na taɓa kwaikwayonsa, yadda yake cewa "matata ya zo". Bikin sunan 'yata kuwa kowa na gaya wa ban da shi, alhali teburinmu na kallon juna.

Washegari na sayo kashi biyu na masa, na tura ɗaya gabansa.

"Baba, bismilla."

Ya daɗe yana kallona. "Malam, ka karanta ke nan."

Na hau inda-inda.

"In don takarda ne, ka bar shi," in ji shi. Can kuma ya miƙa hannu ya ɗauka.

Ba zan ce mun zama aminai ba. Mun ci abinci tare wasu lokuta, yawanci shiru, har ya yi ritaya ya koma gonarsa. Ofis ɗin ya zama nawa ni kaɗai.

Na gama binciken, har yau a kansa nake koyarwa. Sai dai ni wata uku kawai na ɗanɗana na ji kamar zan bar aikin. Ban taɓa tambayarsa yadda ya yi da shekara sha ɗaya ba, kuma kunya ce ta hana ni.